Kwalba Ɗaya, Hannu Biyu

Rumfata na Kasuwar Dole, bayan masu goro,
tebur guda, kwalabe saba'in da ɗoriya.

Wadda ta iso daga Agadas a kwali makon jiya
ja ce, an zana mata wani ɗan itace a goshi,
ƙwaya-ƙwaya kamar duwatsun wuya.
Ban taɓa cin sa ba, ban san uwar da ke haifar sa ba.
Yaron da ya yi lakkal ya karanta mini sunan, na manta.
Na ɗiga a bayan hannu, na jira,
hancina ya ce: ɗinya.

Ɗinyar da ta nuna ta faɗo don kanta,
a ƙarƙashinta ɗan tsamin tsada,
can ƙasa kuma, in ka yi haƙurin rabin awa,
wani abu mai ɗumi kamar garin magarya.

Yagana ta saya ran Alhamis, jika biyu da rabi.
Ran Asabar ga ƙanwarta Tabawa,
ko tayi ba ta yi ba, ta kwance bakin zane.
Wai a wuyan yayarta ta ji shi bayan lisha,
ta bi ta har ƙofar ɗaki
tana shinshina kamar mai biɗar hanya.

Litinin ta dawo, ta dangwarar da kwalbar.
"Barma, ka sirka mini da ruwa.
Da hantsi ya yi zaƙi kamar alawar yara,
kafin azahar ya zama jiƙon tsamiya,
da la'asar babu kowa, daga ni sai zufata.
Ka ba Yagana na gari,
ni ka ba ni na ƙarya."

Na ce, miƙo hannu.

Hannun mai wankau ne, sabulu ya cinye shi,
fari fat tsakanin yatsu, kaushi har gwiwa.
Tun asuba take layin famfo a Garin Malam,
jarka shida, wata rana a dawo da biyu.
Yagana kuwa tana zaune gaban keken ɗinki
ƙarƙashin dalbejiya,
man kaɗe a gefenta, iska na shigowa ta zaure,
fatarta sumul kamar bayan ƙwarya.

Na ce, Tabawa, fata gona ce.
Iri ɗaya za ki zuba a jigawa, ki zuba a fadama,
jigawa ta shanye ruwan kafin ki juya,
fadama ta riƙe shi har kaka,
je ki tambayi masu lambu a Mirriya.
Ki fara shafa mai marar ƙamshi, kaɗan,
ki ɗiga bayan kunne, kada ki murza,
ragowar ki ba gefen mayafi,
zare ya fi fata riƙon amana.
Kwalbar kuma ki ɓoye ta daga rana, ƙasan adaka,
inda ake ajiya.

Ta dube ni, ta dubi kwalbar.
Ta ce, "Ashe turare ma ya san mai hutu."

Shekara ashirin ina wannan tebur,
na iya amsa wa mai cewa ya yi tsada,
na iya amsa wa mai cewa ya yi ƙarfi,
wannan ban iya ba.
Na ƙirga mata jika biyu da rabi,
ta ƙulle, ta tsayar da kabu-kabu,
ba ta ko waiwaya ba wajen tafiya.

Da magariba na ja ƙyauren rumfa,
duwatsun Birni na fitar da zafin da suka sha.
Kafin na zuba ruwan buta
na kai bayan hannuna hanci, kamar kullum.
Goro na ji, da tsohuwar takardar kuɗi,
da ɗan tsami can nesa.
Ni ma ba ta taɓa kai mini azahar ba, ɗinyar nan.
Ban faɗa wa kowa ba.
Gobe kwalbar za ta koma layin gaba,
ja, cike saura ɗigo tara,
tana jiran hannun da zai mai da ni mai gaskiya.