Miskilin Hawa na Huɗu

A Sheffield, hawa na huɗu, kusa da injin shayi,
nan teburina yake.
Takwas saura kwata na rataye jiƙaƙƙen kwat,
lissafi ya buɗe mini baki,
ni kuma na rufe nawa.

Yau Gillian ta kira ni ɗakin gilashi.
Aikinka ba tabo, Ɗalhatu,
shekara uku ba a taɓa dawo maka da fayil ba.
Sai ta juya takarda.
Amma ba a jin muryarka a taro.
Ran Juma'a kowa ya nufi mashaya, kai ka nufi gida.
Ka riƙa murmushi mana.

Na yi mata ɗaya. Ta rubuta.

Ta ina zan fara gaya mata
a gidanmu na Funtuwa yaron da ya fi shiru
shi ake damƙa wa kuɗin cefane?
A can sunan abin kawaici.
A nan an ba shi maki biyu cikin biyar.

Ran Litinin Craig ya yi minti ashirin a tsaye
yana faɗin abin da na tura masa a layi uku.
Aka tafa.
Ni ma na tafa, tafi ai ba ya cin yawu.

Ba wanda na tsana.
Surutu ne ke tsotse ni kamar rake,
ya tofar da tuƙar a kujerar bas da yamma.

Gobe zan tambayi Craig ya karensa ya kwana.
Na rubuta a tafin hannu, kar in manta.