Rigar Jirgin Ilu

Shekara ashirin ina guga a bakin tashar Kiyawa.
Na goge babbar riga, na goge wandon 'yan makaranta,
ban taɓa goge fiffike ba
sai ranar da Ilu mai gyaran rediyo ya shigo rumfata
rungume da wani abu kamar tarwaɗa
da aka cinye aka bar ƙaya.

Gwangwala ce ya fere da reza, siri-siri,
dare arba'in, tocila a haƙori.
Haƙarƙari goma sha takwas a kowane fiffike.
Gam ya bushe masa a yatsu
har ba ya jin zafin kofin shayi.
Inji da farfela da batir kuwa
direban Dutse ya kawo daga Kano cikin kwalin sabulu,
kuɗinsu tunkiya guda da ɗanta.

Ya ce, "Mamuda, tsirara yake. Yi masa riga."
Ya miƙo jar leda mai sheƙi.

Na cika dutsen guga da garwashi yadda na saba,
na fifita, na ɗora.
Leda ta ƙudundune, ta huje, ta yi wari.
Ilu bai ce uffan ba.
Ya dai ƙura wa hujin ido,
na san tunkiyarsa yake gani a ciki.

Ranar na koma ɗan koyo.
In kwashe garwashi in bar uku,
in kanga dutsen kusa da kumatu in ji numfashinsa,
in fara manne gefe,
sannan in bi tsakiya kamar mai lallashi.
Leda ta ja jiki, ta ɗame.
Na ƙwanƙwasa da farce
ta amsa mini kamar kalangu.

Tashin farko a gonar Nalado ne, bayan cirar gyaɗa.
Ya ruga, ya bar ƙasa,
ya ɗaga hanci kamar sabon mai kuɗi,
ya tsaya cak yana tunani a sama,
ya rikito cikin gawo.
Ƙaya ta yi wa rigata kaca-kaca.

Muna tsince-tsince Inna Hansai ta sauke farantinta.
Ta ɗora shi bisa yatsu biyu, wutsiya ta rinjaya.
"Ko jaki ba a yi masa lodi haka," in ji ta.
Ta kwance bakin zane,
ta ciro kwabo biyu masu huji
waɗanda rabonsu da sayen wani abu tun tana budurwa.
Ilu ya manna su a hanci.
Ya ƙara wa wutsiya faɗin yatsa biyu,
ya datse tsinin fukafukai,
ya matso da batir gaba.
Jar leda ta ƙare,
sai na rufe cikinsa da rawaya.

La'asar sakaliya muka koma.
Ilu ya ciji leɓe, manyan yatsunsa na rawa a kan rimot.
Ja ya haura.
Ya yi alkafura, ya nuna rawaya,
ya wuce ta kanmu a rigingine
kamar yaro a kududdufi,
ya mirgina sau uku, ja, rawaya, ja.
Kaza ta kira 'ya'yanta ƙarƙashin rumbu.
Wata shirwa ta zo dubawa, ta fasa.
Inna Hansai ta kare rana da tafi
tana cewa, "Kuɗina ne can, kuɗina ne can."

Minti shida, batir ya ce ya gaji.
Ya sauka yana tsalle a kunya-kunya,
yara suka yanyame Ilu.

Ni na tsuguna, na shafa fiffiken hagu.
Can wajen tsini akwai 'yar yamutsa,
ba ta kai ƙwayar gero ba, ba wanda ya gani.
Na ce, "Ilu, bar mini shi ya kwana.
Akwai sauran garwashi."