Lamba Ta Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Ranar Laraba aka miƙo min jerin,
rubutun hannu, cikin fayil mai jan zare.
Darakta ya ce, "Ka buga kafin azahar,
kuma bakinka ƙanin ƙafarka."

Shekara goma sha tara ina yi wa gwamnati bugu
a hawa na biyu na Sakatariya,
kusa da tagar nan da ba ta rufuwa,
inda sanyin Jos ke shigowa ya zauna
kamar mai jiran a sa masa hannu.
Na buga ƙarin girma, na buga gargaɗi,
na buga ta'aziyyar mutanen da ban sani ba.
Yatsa ba ya tambaya.

Amma suna ba ya wucewa shiru.
Na bakwai: Chollom Dung, direban tankar ruwa,
shi ya kai matata asibiti daren da aka hana fita.
Sun rubuta sunan nasa a karkace. Na gyara.
In kora ce, a kore shi da sunan da ubansa ya raɗa.
Ta hamsin da ɗaya: Kaneng mai shara,
saura wata takwas ta kai fansho.

Na ɗari biyu da sha huɗu,
sai na ga hannuna ya tsaya da kansa.
Isiyaku Barau, mataki na shida.
Na sha ruwa.
Na buga shi, ban kuskure ko harafi ɗaya ba.

Kowane wata ƙungiya na yankar nata a albashina
tun kafin ya iso hannu, ban taɓa ƙorafi ba.
Sai ga ranarta.
Kwamared Nanbol ya hau benci, jijiyar wuya a tashe:
wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka!
Muka ɗaure ƙofa da sarƙa, muka soka ganye,
mai zuwa coci da mai zuwa masallaci
muna cin dafaffiyar masara daga leda ɗaya.
Kwana goma sha ɗaya.
Rediyo na cewa baitulmali ya bushe,
wai albashinmu ne ya shanye tituna da magani.
Na dubi takalmina. Ban ga titi a ciki ba.

Daren na sha biyu aka kira su Rayfield.
Da asuba suka fito da takarda:
an janye yajin aiki, za a kafa kwamiti,
mutum casa'in za su koma.
Ba na cewa Nanbol ya ci. Ban gani ba.
Casa'in ɗin ma 'ya'yan mutane ne,
kuma Kaneng na ciki, na ji daɗi har raina.
Sai dai mun haɗu da shi a Taminus ran Asabar,
ya riƙe hannuna ya daɗe,
yana kallon tumatir.

Garatuti, an ce yana kan tebur.
Na san teburin.
Ni na sa masa takarda a ƙafa don ya daina rawa.

Yanzu ina da nawa, ƙarƙashin mangwaron bakin ƙofa,
da tsohuwar tafireta da na sayo a Dilimi.
Korarru ke zuwa in rubuta musu koke,
ɗari uku shafi, wani ya biya, wani sai Allah.
Jiya Chollom ya dire min rabin buhun dankali,
ya zauna, ya cire hula, ya ce,
"Rubuta musu duk abin da ke cikina."
Na ce faɗi.
Ya yi shiru har aka kira la'asar.

Sai na fara masa yadda aka saba:
Mai girma, cikin ladabi da biyayya.