Waƙafi

A Oulu rana ta leƙo ƙarfe goma da rabi,
ta ga ba abin zama, ta koma kafin uku.
Tuulikki ba ta ma lura ba.
Litattafan babanta goma sha tara na kan tebur,
Veikko mai auna ƙanƙara,
wanda ya shekara talatin yana huda bayan teku
yana rubuta kaurinta da guntun fensir ɗaure da zare.

Makon jiya wasu masu bincike suka saki wata ƙwaƙwalwar na'ura
mai karanta rubutun hannu,
suka bar ta a fili, ba kwaɗo, ba mai gadi.
Bara sai gida guda cike da injuna ke ɗaukar irinta.
Bana an tace ta, an matse ta kamar tunkuza,
har ta shige tsohuwar kwamfutar Tuulikki,
mai fankar da ke tari,
mai ɗumin da kyanwa ta mayar katifa.

Kwana shida tana koya mata hannun tsoho:
ga yadda bakwai ɗinsa ke sa ɗamara,
ga yadda tara ke sunkuyawa in yatsu sun daskare.
Ɗaliba ce marar gajiya, marar kunya kuma,
ta faɗi daidai, ta faɗi kuskure, duk da murya ɗaya.

Sai ga shafin tara ga Afrilu.
Na'ura ta ce: mita huɗu.
Tuulikki ta ajiye kofi.
Mita huɗu? A watan da ƙanƙara ke kuka ƙarƙashin takalmi?
Sifili ne, da waƙafi, da huɗu.
Ko rabin mita bai kai ba.

Ta bi sawun ɓarnar har dare ya raba.
Ashe ba ƙwaƙwalwar ba ce,
wata 'yar manhaja ce can ƙasa, mai mayar da rubutu lamba,
wanda ya gina ta ya tashi inda ɗigo ke raba lissafi,
bai taɓa zaton waƙafi na da aiki a wajen jimla ba,
sai ya sa a share shi kamar ƙura.

Ta rubuta abin da ta gani, ta bar shi inda masu gyara ke bi,
ta kwanta da safa a ƙafa.

A Valparaíso lokacin bazara ne, tagogi a buɗe.
Eleodoro, mai lissafin kifi a tashar jirgin ruwa,
ya wata uku yana zargin sikelinsa.
Ya karanta, ya yi dariya shi kaɗai,
don uwarsa ma da waƙafi take rubuta kilo da rabi.
Layi uku ya aika.
Wata Jadwiga a Poznań ta duba, ta ce layi na biyu ya karkace,
ya gyara, ta ce to,
aka haɗa.

Gayya ce, amma ba kiɗa, ba fura a bakin gona,
ba wanda ya san fuskar wani.
Manyan kamfanoni za su ɗebi gyaran gobe da safe
kamar ruwan rijiyar kan hanya,
ba mai tambayar wa ya yashe ta.

Da asuba ƙanƙarar Veikko ta koma kaurinta na gaskiya,
shekara bi shekara, layi na gangarowa a allo,
a hankali, kamar mai saukowa daga tsani da kaya.

Saura kalma ɗaya a gefen littafi na huɗu,
ranar da bai auna komai ba.
Na'ura ta gwada "iska", ta gwada "wuta",
ta ce ba ta da tabbas.
Tuulikki ta san ranar, tana cikin fasfonta.
Ta ɗora yatsa a kan sunan,
ta buɗe shafi na gaba.
Kyanwa ta gyara kwanciya. Fanka na ta tari.