Jan Biron Nomau

Sanarwa ɗaya ce tak:
man gujiyar kamfaninmu ya sauka da dala goma.
Na cika shafi biyu da ita, ina jin kaina.

Nomau, da ya yi furfura a gidan rediyo,
ya ce, "Barira, karanta mini da baki."
Numfashina ya ƙare, jimlar ba ta ƙare ba.
"To, mai saurare ma a nan ya sauka."

Allon hanyar Ɗan Isa kalma biyar yake so,
ɗan kabu-kabu ba ya tsayawa karatu.
Saƙon salula: farashi, rana, wuri.
Doguwar gaisuwa sai wasiƙar darakta,
can ne ake shimfiɗa kafin a zauna.

Jan bironsa ya bi ta kan "bisa la'akari da",
ya yanke "kamar yadda kowa ya sani".
Na ji zafi, irin na cire ƙaya.

Ran Litinin a babbar kasuwar Maraɗi
wata mai tuyar ƙosai ta faɗa wa maƙwabciyarta
maganata, kalma da kalma,
ba ta san mai ita ce ke tsaye
tana jiran canji ba.