Ɗigon Nun

Shekara biyu ina ɗauke da shi,
tudu sumul, kamar ƙwarya a kife.
Daga ƙasan cikina aka yanko naman,
cikin da ya ɗauki Nafi'u da ƙannensa uku,
aka kai shi sama, aka ce masa: zauna nan,
daga yau kai ne nonon dama.
Ya zauna. Bai yi musu ba.
Amma duk safiya, in na tuɓe gaban madubi,
sai in ga harafin nun
wanda tawada ta ƙare kafin a yi masa ɗigo.

Maigidana ya ce, "Ke da kika tsira da rai,
me kuma ya saura?"
Bai yi ƙarya ba.
Yaya Tabawa ta ce ta waya, daga Gumel,
"Kin haura hamsin. Wa zai gani?"
Na ce, "Ni."
Shirun ya yi tsawo har na zaci layi ya yanke.

Malama Hansatu na tambaya, bayan karatun Lahadi,
murya ƙasa-ƙasa, muna neman takalmanmu:
wai za a yi zane da allura, ya halatta?
Ta ce, "Wanda ya ɗinke rigar da ta yage
bai ce masaƙi ya yi kure ba.
Amma tambayi wanda ya fi ni."
Ban tambaya ba.

Ran Talata bas ta hau da ni tudun Sheffield,
ruwa na tsiyaya a gilashi.
Likita Pereira ya miƙo mini ɗan maƙale mai danƙo,
ya ce in sa inda nake so.
Kai, jama'a!
Wa aka taɓa ba zaɓin inda kan nononsa zai zauna?
Na sa, na cire. Na matsa hagu. Na yi ƙasa kaɗan.
Ya jira, bai dubi agogo ba.
Sannan allurar kashe zafi, da rabin awa ido biyu,
ina ƙirga ramukan silin,
shi kuwa yana naɗe fata
yadda Inna ke ƙulle canjin cefane a bakin zane.
Ya ce zai saɓe, rabi zai rage.
Na ce na san halin abin duniya.

Wata huɗu, sai wurin Gwenda, mai launi.
Ta baje kati a cinyata:
sha biyu, duk ruwan hoda,
launin kunnen jaririn Bature.
Ta dubi katin, ta dube ni,
jini ya hau mata har goshi.
Ta fita. Ta dawo da wasu kwalabe a aljihu.
Na buɗe mata na hagu, tsohon soja,
wanda baki huɗu suka ja ya tsaya,
na ce, "Ga malaminki, kwaikwayi."
Ta ɗiga, ta gauraya, ta gwada a bayan hannuna.
Ya yi ja. Ya yi toka.
A karo na biyar dabino ya fito,
busasshe, irin na buɗa-baki.
Injin ya yi ta kuka kamar zanzaro a ɗaki.
Ban ji komai ba.
Wannan ne kaɗai ya sa ni hawaye.

Yanzu Janairu.
A tashar bas, in iska ta ratsa kwat,
na hagu ya takure, ya san sanyi.
Na dama bai san ana hunturu ba,
ba zai sani ba har abada.
Baƙo ne, mun saba.

Jiya da dare na fito wanka,
ina tunanin kuɗin gas,
da ko na kashe wutar kicin.
Sai da na kwanta, na ja bargo,
na tuna na wuce madubi
ban duba ba.