Hannun Mutari

Mutari ya kawo ta bayan azahar,
farar mato, ta sha hanyar Tanut har ta ƙoshi,
buhun gero shida a baya.
Ya ce, “Manzo, duba mini ƙafafunta,
taya ba ta yin wata uku a hannuna.”

Ban tanka ba. Na durƙusa.
Na shafa tayar kamar mai tayin akuya a Kasuwar Dole:
gefen ciki ya suɗe, sumul kamar tsohuwar ƙwarya,
gefen waje zanensa na nan, sabo fil.
Mai mato yakan ɓoye inda ya bi,
taya ba ta iya ɓoyo.
Na ce, “Ramin nan na bayan Bakin Birji?”
Ya sosa ƙeya.

A sauke gero. A turo ta kan daɓe,
daɓen da maigidana Cindo ya zuba da hannunsa
a shekarar da ruwa ya yi wuya a Damagaram,
ya sayi jarka guda don awo kawai,
ya ɗura a tiyo, ya bi kusurwa huɗu
har ruwan ya yarda ƙasa ta kwanta.

Tsallaken titi akwai sabon gareji
mai na’ura da jan haske da allo.
Ba na zaginsu, aikinsu na kyau.
Ni dai zare aka bar mini,
zare biyu da ƙarafa huɗu da guntun alli.

Nafi’u, hau ka riƙe bolan,
kada ka motsa ko ƙuda ya sauka maka a hanci.

Na ja zare daga baya zuwa gaba,
na auna bakin ƙarfe nan, na auna can.
Ƙafafun gaba sun buɗe kamar na agwagwa,
ta hagu ta fi yin nisa da ’yar’uwarta
da kaurin tsinken ashana uku.
Uku kacal.
Su suka ci masa taya takwas da ribar damina.

Notin ya ƙi, tsatsa ta riƙe shi.
Na ɗiga baƙin mai, na ƙwanƙwasa, na jira,
na sha ruwa, na dawo.
Ya saki da ƙara irin ta ƙofar zaure.
Rabin juyi. Auna.
Ya yi yawa, mayar da kwata.
A tura ta gaba, a dawo da ita, ta zauna da nauyinta.
Auna kuma.
Zare ya yi shiru a jikin ƙarfe. Na ɗaure.
Jika uku, ya ba da biyu da rabi, ya tafi.

Washegari ko shayi ban sha ba
sai ga shi da fushi:
“Ka ɓata mini mato! Da hagu take ja, yau dama!”

Na shiga gefensa. Muka ɗauki hanyar Mirya,
muka bar manyan duwatsu a baya,
inda kwalta ta miƙe ba kowa
na ce, “Saki.”
Ya dube ni.
“Saki bolan, Mutari.”

Ya ɗaga hannu biyu kamar mai kabbara.
Mato ta tafi ɗoɗar, ba hagu ba dama,
har muka wuce amalanke, muka wuce bishiyar gawo.

Sai ya dubi damtsensa.
Shekara biyar yana ja da ita,
tana hagu, yana dama,
har jijiya ta haddace gardamar.
An raba rigima, shi bai ji ba.

Ya ce, “To wannan fa?”
Na ce, “Ba ni da kile ɗinsa.”

Ya sauke ni bakin gareji, ya cika rabin jikata.
Na tsaya ina duban sawunsa a rairayi:
layi biyu, tsaf,
sun ɗan karkata dama kafin su hau kwalta.